WANDA BAI IYA AJIYE MOTA BA, BAI IYA TUƘI BA

Rubutun wannan mako zai taɓa wasu manya da muke ganin girmansu, zai kuma taɓa abokanmu samari da suka samu sitiyari bana. A gafarce mu idan lafazin ya yi zafi, amma maganar ta rai ce, kuma mun gaji da yin ta a wurin zaman makoki bayan an dawo daga maƙabarta.

A ƙasarmu ta gabashin Sakkwato, daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, abu ɗaya ake dubawa kafin a kira mutum direba: ya iya tayar da mota ya tafi da ita? Idan ya ƙara da gudu, ya zama gwani. Samari na zaune bakin tasha suna lissafin minti nawa wane ya yi daga Goronyo zuwa Sakkwato, suna tafa masa. Ba mu taɓa jin an yaba wa direba saboda yadda ya ajiye motarsa ba, kuma ba mu taɓa jin fasinja ya tambaya ko birkin hannun motar da zai shiga yana aiki ba. Abin da muke faɗa a yau shi ne, tuƙi bai ƙare ba sai mota ta tsaya inda ba ta cutar da kowa, an ɗaure ta yadda ba ta motsawa, an rufe ta yadda yaro ba ya shiga. Duk wanda bai iya wannan ba, ko shekara ashirin ya yi yana jan mota, bai gama koyon tuƙi ba.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Wurno ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Garin mahaya dawaki ne tun asali. Tambayi kowane dattijo a Wurno ko Rabah, zai gaya maka cewa mahayin kirki ba ya sauka ƙofar gidan mutane ya saki linzami ya shige. Akwai turke, akwai dabaibayi, akwai wurin da aka san na ɗaure dabba ne, nesa da hanyar mata da yara. Mai jakin da ya bar jakinsa ya shiga gonar wani, shi ake kamawa, ba a sauraron uzurin cewa jakin ne ya tafi da kansa. Kakanninmu sun san cewa dabbar da ka sauka daga kanta tana nan a wuyanka. Yau jikokinsu sun samu ƙarfe mai nauyin fiye da tan ɗaya, sai su watsar da shi a gangare, ko a tsakiyar hanya, makulli a jiki, su ce: "Ba ni daɗewa."

Tushen matsalar yana wurin koyo. Hanyoyin koyon mota a yankinmu sanannu ne. Yaro ya fara da wankin mota a tasha, ya zama yaron mota, wata rana maigidansa ya ce ya matsar da ita gaba, shi ke nan an fara. Ko kuma Alhaji ya sayo mota, a kai ɗansa filin ƙwallo kwana uku, ya zagaya, ya zagaya, rana ta huɗu ya hau kwalta. A filin ƙwallo babu gangare, babu lungu, babu ɗan kabu-kabu da zai ɓullo ta hagunka, babu yaron da zai biyo ƙwallonsa ƙarƙashin taya. Abin da ake koyo a can shi ne totur da giya. Abin da ba a koyo shi ne yadda ake ja da baya cikin matsi, yadda ake tashi a hawa ba tare da mota ta sulale baya ba, da inda doka ta hana tsayawa. Dokar ƙasa kuwa a fili take: sai mai shekara 18 ke da ikon neman lasisi, sai ya bi ta makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, sai kuma an gwada shi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da littafin ƙa'idojin hanya da ya jera wuraren da ba a fakin: kan kwana, kan gada, bakin mahaɗa, ƙwanƙolin tudu, ƙofar shiga gida ko asibiti. Direbobi nawa ne a tashoshinmu aka taɓa karanta musu wannan da Hausa?

Wanda ke son ganin sakamakon, ya je Achida ranar kasuwa, ko Goronyo ranar Lahadi. Allah ya albarkace mu da fadamar Rima, da ruwan madatsar Goronyo, da albasa da tafarnuwa da shinkafa da ake ɗauka zuwa ko'ina a ƙasar nan. Manyan motoci na zuwa lodi, kuma muna maraba da su, domin abincinmu ke nan. Amma ina suke tsayawa? Rabin jiki a kan kwalta, rabi a ƙasa. Wani ya zo ya tsaya daura da shi a ɗaya hannun. Mai ƙaramar mota ya ga babu wuri, ya jera da na farkon ya tafi cinikin akuya. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Achida ta nufi Goronyo da Sabon Birni, wadda dubban mutane ke bi, ta koma siririn lungu. A cikin wannan lungun ne mai kura, da mai babur ɗauke da mace da goyo, da 'yar talla, da raƙumi, da motar asibiti ke neman wucewa lokaci guda.

Cunkoson ma shi ne ƙaramin laifin. Babban laifin shi ne motar da aka ajiye bakin kwalta bango ce da ke rufe ido. Yarinyar da ke bayan gingimari ba ta ganin motar da ke tahowa, direban da ke tahowa ba ya ganin ta. Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙafar direba ta bar totur ta kai birki, ya riga ya ci wannan tazarar ko fiye. Kafin motar ta tsaya cak, ko da tayoyinta da birkinta lafiya lau suke kuma kwalta a bushe, ta wuce mita 70. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa take yi sau huɗu. Ranar da abin ya faru, jama'a za su taru kan wanda ya buge. Wanda ya rufe hanyar gani kuwa, ya gama lodinsa ya tafi, babu wanda ya rubuta lambar motarsa. A ganinmu yana da kaso a cikin jinin nan, ko an kama shi ko ba a kama shi ba.

Da dare abin ya fi muni. Babbar mota ta lalace a kan hanya, babu fitilar baya, babu ƙyallen da ke ɗaukar haske, jikinta ya sha ƙura ya yi launin duhu. Sai yaron mota ya karyo reshen dogon yaro biyu ya ajiye taku biyar daga bayanta, ya jera duwatsu, a kwanta. Wanda ke tahowa cikin duhu, ga hasken wata mota na dukan idonsa daga gaba, yaushe zai ga ganye? In ma ya gani a taku biyar, me ganin zai amfana masa? Doka ta wajabta wa kowace mota ɗaukar alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli, wadda direbobi ke kira si-koshin. An yi ta ne don a ajiye ta can nesa da bayan motar da ta lalace, inda mai zuwa zai gan ta ya samu damar rage gudu, kuma idan akwai kwana, a kai ta kafin kwanar. Da yawa sun saye ta ne kawai don nuna wa jami'ai a shingen bincike, tana cikin but a ledarta. Sannan idan an gyara motar, sai a tashi a bar duwatsun a kan kwalta, su jira ɗan kabu-kabun da zai dawo gida bayan isha'i. Wanda ya iya ɗauko dutse ya ajiye, me ya hana shi ɗauke shi?

Mu dawo cikin motar. Birkin hannu shi ne turken mota. A yawancin motocin da ke yawo a nan, waya ce ta ƙarfe da ke riƙe tayoyin baya, kuma ba ta dogara da inji ko man birki ba. Wayar nan takan saki, takan tsinke, kuma gyaranta ba wani babban aiki ba ne wurin bakanike. Duk da haka, a shiga motocin haya goma a ja birkin hannu a ga nawa ne za su riƙe. An mayar da dutse madadinsa: mota ta tsaya, yaron mota ya diro a guje yana neman abin da zai cusa ƙarƙashin taya. Weji yana da amfani, musamman ga babbar mota mai kaya, amma ƙari ne a kan birkin hannu, ba a yi shi don ya gaje shi ba. Garuruwanmu na bakin fadama ne, akwai tudu akwai gangare, akwai masu kai mota bakin gulbi wanki. Ƙa'idar kuwa ba ta fi a faɗe ta cikin numfashi ɗaya ba. Ka ja birkin hannu sosai. Idan motar mai kuloci ce kuma hancinta na kallon tudu, ka bar ta a giya ta ɗaya. Idan tana kallon gangare, ka bar ta a ribas. Ka karya sitiyari zuwa gefen hanya, yadda ko ta kuɓuce ba za ta gangaro tsakiyar kwalta ba. Sannan ka cire makulli. Wannan duka bai kai daƙiƙa goma ba, kuma ko kwabo ba a biya.

Masu otomatik suna ganin wannan magana ba tasu ba ce, tunda akwai P. To, su sani cewa abin da ke riƙe mota a P ɗan ƙaramin ƙarfe ne da ke shiga haƙorin giya. Idan aka saki nauyin mota duka a kansa a gangare, shi ne ƙarar nan "ƙas" da ake ji in an zo cire giya, kuma yana iya lalacewa. Tsarin da ya dace: ƙafa na kan birki, a ja birkin hannu, sannan a sa P. Kuma a duba da ido a tabbatar ta shiga P ɗin. A watan Yuni na 2016, wani ɗan wasan fim na Amurka mai suna Anton Yelchin, ɗan shekara 27, ya fito daga motarsa Jeep Grand Cherokee a gidansa da ke Los Angeles, motar ta gangaro ta matse shi jikin ginshiƙi ya mutu. Watanni biyu kafin nan kamfanin ya yi kiranyen motoci sama da miliyan ɗaya saboda sandar giyarsu na rikita direbobi, su zaci sun sa P alhali ba su sa ba. Mun kawo wannan ne don a gane cewa sabuwar mota mai tsada ma tana gangarowa, balle wadda ta gama rayuwarta a Turai kafin ta iso mu ta Kwatano. Wani abu kuma ga sababbin masu otomatik: ƙafar dama kaɗai ake tuƙi da ita. Mai ɗora ƙafa ɗaya a totur ɗaya a birki, ranar da ya firgita zai danna duka biyun, ko ya danna wanda bai nufa ba, ya afka rumfar mai shayi. Haka mai tuƙi da silifas ɗin da ke zamewa, da mai barin gorar ruwa tana gangara a ƙasan kujera har ta shige ƙarƙashin birki.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, wata ɗabi'a ta ƙara yawa: direba ya hango gangare, ya zare giya ya sa firi, wani ma ya kashe inji gaba ɗaya don ya tsimi fetur. Mun san tsadar mai, mu ma muna jin ta a kuɗin mota. Amma wanda ya kashe inji yana tafiya ya kashe abin da ke taimakon birkinsa. Taushin da kake ji in ka taka birki daga inji yake samun ƙarfi. Inji ya mutu, taka ɗaya ko biyu ya rage maka, daga nan birkin ya koma kamar dutse. Sitiyari ma ya yi nauyi, kuma idan makulli ya juya baya da yawa, sitiyarin na iya kullewa mota na tafe. Ko ba a kashe inji ba, motar da ke firi ta rasa riƙon da giya ke yi mata, duk aikin ya koma kan birki, shi kuwa in ya yi zafi sai ya daina kamawa. Fetur ɗin da aka tsima a gangare ɗaya bai cika kofin shayi ba. Fasinjan da aka cusa su huɗu a baya biyu a gaba ba su san da wannan cinikin aka yi da ransu ba.

Sai madubi da sigina, waɗanda aka mayar kayan ado. Motoci nawa ne madubin gefensu ya karye tun bara, ko aka naɗe shi don kada a goge shi a cunkoso, aka manta ba a buɗe ba? Direba ya tashi daga bakin hanya ba sigina, ba waiwaye, sai dai ya danna oda ya fito, kamar oda na share hanya. Wani ya tsaya, ya bankaɗe ƙofa ba tare da ya dubi baya ba, ɗan kabu-kabu ya zo ya haɗu da ita da ƙirji. Wani ya kunna dabul sigina a tsakiyar hanya ya fita sayen tsire, a zatonsa fitila mai walƙiya izini ce ta tsayawa ko'ina, alhali an yi ta ne don sanar da cewa mota na cikin matsala. Mafi ciwo shi ne ribas a ƙofar gida. Akwai wani yanki a bayan kowace mota da madubi ba ya nunawa, kuma yaro ɗan shekara biyu da ya biyo babansa da rarrafe ko da gudu, tsaf yake ɓacewa a cikinsa. Awaki da yara na neman inuwa ƙarƙashin mota a lokacin zafi, kowa ya san haka. Maganin shi ne ka zagaya motar da ƙafarka kafin ka shiga, ka sauke gilas, ka kashe rediyo, ka ja a hankali. Uban da ya taka ɗansa da hannunsa, babu ta'aziyyar da ke warkar da shi.

Motar da ke tsaye a rana ma tana kisa ba tare da ta motsa ba. Zafin Sakkwato a watan Afrilu yana haura digiri 40 a inuwa. Cikin motar da aka rufe, zafi kan ƙaru da kusan digiri 10 cikin minti goma na farko, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Sauke gilas ɗan kaɗan ba ya hana komai. A watan Disamba na 2021, an tsinci gawar yara takwas a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na jihar Legas. A lungunanmu akwai motocin da suka mutu shekara da shekaru, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, ƙofofi a buɗe, yara na wasan ɓuya a ciki. Ƙofar da ta buɗu daga waje ba lallai ta buɗu daga ciki ba. Mai irin wannan mota ya kulle ta, ko ya cire ƙofofin, ko ya sayar wa 'yan gwangwan. Manomanmu kuma su kula da kaka: salansar motar da ta sha tafiya tana da zafin da zai iya kunna busasshiyar ciyawa ko bambaron shinkafa. Wanda ya shiga da akori-kura masussuka ya tsaya kan tarin bambaro, yana iya ƙone wahalar shekara guda, tasa da ta maƙwabtansa.

Mun san amsoshin da za a ba mu. Na farko za a ce babu wurin fakin. Akwai gaskiya a ciki: kasuwanninmu sun girma sun cinye bakin hanya, ba a ware fili ba. Wannan hujja ce a kan masu karɓar kuɗin kasuwa, kuma za mu zo kansu. Amma rashin fili a bakin rumfar da kake so bai zama rashin fili a garin ba. Mita ɗari biyu gaba akwai wuri, ƙafa ce ba a son takawa. Na biyu za a ce talauci. Talauci na iya hana ka sabuwar taya, mun yarda. Bai hana ka karya sitiyari ba, bai hana ka waiwaye ba, bai hana ka ɗauke dutsen da ka ajiye ba. Mai motar da ke samun kuɗin lodi kullum ya ce ba shi da na wayar birkin hannu, ya dubi idon fasinjansa ya maimaita.

Na uku za a ce: mutanen da 'yan bindiga suka hana barci, ku zo kuna yi musu maganar fakin? Wannan ita ce amsar da ta fi nauyi, kuma ba za mu raina ta ba. Babu wanda ya manta harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba, 2021, inda aka kashe sama da mutum 40. Babu wanda bai san halin da ƙauyukan Rabah, irin su yankin Gandi, suka shiga ba. Amma rashin tsaron nan shi ne ya ƙara wa maganarmu ƙarfi. Saboda shi ne direbobi ke sheƙa gudu da la'asar don kada dare ya same su a hanya, wato daidai lokacin da kasuwa ke tashi kuma bakin kwalta ke cike da motocin da aka watsar. Saboda shi ne kowace kasuwa ke buƙatar hanyar fita a buɗe, domin ranar da aka firgita, motar da aka gitta a bakin lungu ita ce za ta tare mata da tsofaffi. Saboda shi ne mai hankali ke ajiye motarsa hancinta na kallon hanyar fita, ba sai ya tsaya ribas cikin rububi ba. Kuma wanda aka ɗauko da rauni ko mace mai naƙuda da ake gudu da ita asibitin Sakkwato, minti goman da za a ɓata ana neman mai motar da ya toshe hanya na iya zama duk abin da ya rage mata. Wanda ake kashewa ta ƙofa ɗaya bai kamata ya buɗe wa mutuwa ƙofa ta biyu da hannunsa ba.

Na huɗu za a ce ƙaddara. Mun yi imani da ita. Amma malamanmu sun karantar da mu labarin mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara. Sun kuma karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya aikin lada ne. Idan kawar da shi lada ne, mene ne matsayin wanda ya kawo shi ya ajiye ya tafi? Iyalan mamaci suna da ikon cewa haka Allah ya so, su yafe, Allah ya ba su lada. Wanda ya yi sakacin ba shi da ikon riga su faɗa don ya wanke kansa.

Kada kuma a ɗora komai a kan direban haya. Shi aƙalla yana tsoron tara da shugaban tasha. Wanda ba ya tsoron kowa shi ne mai babbar riga. A je wurin ɗaurin aure, ko ta'aziyyar wani babba, ko masallacin Juma'a, ko ranar da 'yan siyasa suka shigo gari. Kowa na son motarsa ta tsaya daidai bakin ƙofa don a ga wanda ya fito daga ciki. A toshe ƙofar gidan talaka tun hantsi har azahar, in ya yi magana a ce ba shi da kunya. Yaran unguwa na kallo, kuma darasin da suke ɗauka shi ne girma na nufin ka tsaya inda ka ga dama. Wanda ya tako daga nesa da ƙafarsa ya bar hanya a buɗe, shi ne muke ganin girmansa.

Ga abin da muke nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfin masu shi. Ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo su ware filin lodi da na ajiye motoci a kowace babbar kasuwa, a bayan kwalta, su sa masu kula. Kuɗin da ake karɓa ranar kasuwa ya isa a share fili a kafa turaku. Shugabannin ƙungiyar direbobi su sa doka a tasha: motar da birkin hannunta ba ya riƙewa, ko ba ta da madubi da si-koshin, ba ta shiga layin lodi. Gwajin minti ɗaya ne, kuma maganarsu ta fi ta kowane jami'i tasiri a kunnen direba. Jami'an kiyaye haɗurra su riƙa shigowa tashoshinmu da bayani cikin Hausa, kuma jama'a su riƙe lambarsu ta gaggawa, 122, don sanar da motar da ta lalace ta tare hanya. Hakimai da masu unguwanni su sa a kawar da matattun motoci daga lunguna. Limamai su ce wani abu kafin a tayar da sallah idan an toshe hanya. Iyaye su daina miƙa makulli ga yaron da ƙafarsa da ƙyar take kai birki. Fasinja kuma ya buɗe baki: idan direba ya kashe inji a gangare, ka yi magana, kuɗinka ka biya kuma ranka ne a ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato sa'o'inmu da ƙannenmu. Masu cewa ɗabi'ar direbobinmu ba ta canzuwa su tambayi dattawan tasha abin da ya faru ranar 2 ga Afrilu, 1972, lokacin da Najeriya gaba ɗaya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama. An yi faɗakarwa, an sa rana, direbobin da yawancinsu ba su yi boko ba suka sauya abin da hannunsu ya saba da shi shekara da shekaru. Jan birkin hannu da taka mita ɗari biyu bai kai wannan wuya ba.

Wanda ke da ɗan uwa direba da ba ya karatu, ya karanta masa wannan. Wanda yake ganin mun yi kuskure a wani wuri, musamman direbobi da bakanikai da ke cikinmu, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa mu ji. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a kan hanya, ya kawo mana zaman lafiya a gabashin Sakkwato, ya kai kowa gidansa lafiya.